Kujerar da Aka Rataye

A wani ɗakin nunin zane a Ikoyi,
inda sanyin na'ura ke cizon kunne,
na ci karo da kujerar gidanmu
rataye a bango.
Mai zanen, wata Morenike,
ta ba ta ja irin na goron da aka tauna,
ta bar ta wayam, ba kowa a kai.
A ƙasa an liƙa farashi.
Na ƙirga sifili har na ji kunya.

Ba tamu ba ce, na sani.
Amma ƙafafun nan masu dagi kamar na zaki,
da maɓallan da suka lotsa cikin karan-miski,
ko a duhu na shafa zan gane.

Kakana Tanimu, falken goro,
ya saye ta gwanjo a tsibirin Ikko
ranar da wani babban gida ya watse,
magada na rabon cokula a tsakar gida.
Jirgin ƙasa ya kawo ta Agege
tsakanin huhunan goro,
unguwa ta fito kallo.
Shi kuwa bai taɓa zama a kanta ba.
Buzuna ya fi, in ji shi.
Kujera ta baƙo ce:
ta dillali, ta mai karɓar haraji,
ta saurayin da ya zo gaida surukai
ya ɗosana a bakinta yana gumi.

Mu yara, ko yatsa.

Sai ran Juma'a, in maza sun tafi masallaci,
kaka Ladidi ta sakaya ƙofa,
ta hau, ta tanƙwashe ƙafa kamar a tabarma,
ta kwance bakin zane tana ƙirga kuɗin adashi,
tana cewa, "Ashe haka masu kuɗi ke koyon lalaci."
Kafin a sauko ta karkaɗe shaida.

Daminar Ikko ba ta sallama.
Sau uku ruwa ya shigo falo
ya sha ƙafafunta har gwiwa.
Karan-miski ya yi sanƙo.
Shekarar da babana ya sayi talabijin
ya sa aka lulluɓe ta da leda
mai manne wa cinya in an ɗauke wuta.
Daga nan doka ta mutu.
A kanta aka yi wa Tasalla kitson biki,
a kanta aka lallashi mai haƙori,
a kanta babana ya zauna kwana bakwai
yana amsa gaisuwar rasuwar ubansa,
shi da tun yana yaro ake kora.

Bara na kai ta Mushin, wurin Baba Rasaki.
Ya sa wuƙa ya farke cikinta
a hankali, kamar mai fiɗa.
Leda, sai atamfa, sai karan-miski,
sai wani yadi mai furanni da ba wanda ya san da shi.
Cikin audugar rimi da gashin kwakwa
ya zaro kwabo mai huji,
tsinken kitso, busasshen ɓarin goro,
da tikitin jirgi zuwa Kano
wanda ba a taɓa hudawa ba.
Na wane ne? Wa ya yi niyyar komawa ya fasa?
Masu amsar duk suna kwance a maƙabartar Agege.

Wannan ne Morenike ba ta zana ba.
Ta kama hasken taga a kafaɗar kujera,
ta kama ramin da nauyi ya bari,
amma nauyin na wa?

Na matsa kusa, hannuna ya tashi da kansa.
Mai gadi ya yi gyaran murya:
"Oga, ba a taɓawa."

Na ce masa, na sani.
Tun ina shekara biyar ake gaya mini.